Tsohon da Ya Ara Mini Kansa

Tambaya ɗaya ce ta kai ni Japan, kuma ba ma tawa ba ce, ta mai unguwarmu ce.

Sunana Ishaya, walda nake yi a Nasarawa ta Kaduna: ƙofofi, tagogi, tankin ruwa. Sai dai tun ina saurayi Allah ya jarrabce ni da son wasan takobi irin na Japanawa. A waya na koya, ina kallo ina kwaikwayo da ƙotar fartanya a bayan shago, har mata suka fara yi wa matata Rahila jaje a fakaice. Daga baya wani kafinta ya sassaƙa mini takubban katako, samari suka fara zagaye ni, muka koma filin firamare muna yi da yamma. Akwai 'yan cocinmu, akwai masu zuwa daga Makera. Abin da muke yi shi ne wanda Japanawan ke kira kata, wato tsararren salo da aka gada: ka yi taku kaza, ka kai sara kaza, ka tsaya, ka koma inda ka fito. Mukan jeru sahu-sahu, kowa na saran iskar da ke gabansa.

Wata yamma mai unguwa, Baba Audu, ya sa aka kawo masa kujera ya zauna yana kallo. Idonsa bai bar kan Basiru ba, wani ɗan keke mai tabo a kumatu wanda kowa ya san a da da 'yan sara yake yawo, har yanzu ma dattawan unguwa gara su taka a ƙasa da su hau kekensa. Da muka gama Baba Audu ya kira ni, na durƙusa, ya ce, "Ishaya, wannan abin da kake koya musu, in ba saran mutum ba, mene ne amfaninsa?"

Na ce motsa jiki ne. Ya ce ai ga ƙwallo nan. Na ce tarbiyya ce. Ya ce shi dai ya ga ana ɗaga katako ana saukar da shi daidai tsayin kan mutum, bai ga inda tarbiyyar ta shigo ba. A garin nan, in ji shi, babu gidan da bai san abin da ƙarfe mai kaifi ke yi ba, shi kuwa ba zai zuba ido a horar masa da masu sara a filin yara ba. Ya hana mu filin sai ranar da na kawo masa amsar da mai hankali zai karɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da amsar. Kafin wata ya ƙare an laƙa mini suna Sarkin Sara, wata mata da ta ba ni aikin ƙofa ta zo ta ce in bar shi kawai, fasto ma ya koma yi mini gaisuwar nesa-nesa. Na sayar da babban injin waldana, na nemi bizar wata uku. Rahila ba ta hana ni ba. Ta dai ce in na dawo hannu Rabbana, to in biyo da sunan unguwar da za mu koma.

Zangon farko Tokyo ne, a hannun Donatus. Ƙanin wani abokina ne da ya daɗe a can, shi aka haɗa ni da shi. Ya tarbe ni a filin jirgi cikin wata jaket mai walƙiya, ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya, ya ce, "Bros, kwantar da hankalinka. Ni da master ɗin nan haka muke," ya haɗa yatsu biyu. Ya ce malaman nan ba sa karɓar komai daga hannun baƙo, sai ta hannun wanda suka sani, don haka na miƙa masa abin da na ware don malami. Washegari ya kai ni wani bene a tsakiyar kasuwa, cike da Turawa 'yan yawon buɗe ido. Aka sa mana wasu manyan riguna, wani saurayi mai rinannen gashi ya nuna mana yadda za mu tsaya mu ɗaure fuska, aka yi ta ɗaukar hoto. Kafin la'asar an miƙa wa kowa takardar shaida mai jan tambari. Na matsa kusa da saurayin na tambaye shi ma'anar saran da ya nuna mana. Ya yi murmushi, ya nuna mini inda ake biyan kuɗin ƙarin hoto. Da na sauko ƙasa babu Donatus, wayarsa kuma a kashe. Har na bar ƙasar ban sake jin ta a kunne ba.

Na zauna a tashar jirgin ƙasa da takardar a cinyata. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in ɗauki wannan takardar in koma gida in sa ta a firam. Amma na san Baba Audu. Bai iya karanta rubutun Japan ba, fuskar mutum yake karantawa, kuma tambayarsa zai maimaita mini a gaban jama'a.

Na kama wani masauki mai arha inda gadon yake kamar durowar tebur, ka shige ka ja labule. Abin da ya fi sanyin garin damuna shi ne shirun mutanensa. Ga jama'a kamar ranar kasuwa, amma ba mai ce maka sannu, ba mai ce maka matsa. A Nasarawa kafin ka kai bakin titi ka gaisa da rabin layi, ka yi cacar baki da sauran. A nan nakan wuni ban yi magana da kowa ba, har na kama kaina ina gaishe da injin sayar da shayi. In Rahila ta kira sai in ce mata komai lafiya, karatu ya kankama. Ita kuma sai ta ce, "To, Allah ya sa."

Zango na biyu a bakin dandamalin jirgin ƙasa na same shi. Ina tsaye ban ma san inda na nufa ba, sai na ji wani ƙato a bayana yana faɗa a waya da Hausa, yana cewa matarsa ya ce kaza, uwarsa ya ce kaza. Hausar ta karkace, amma wallahi ban taɓa jin magana mai daɗinta ba. Na juya na ce masa sannu da aiki. Ya dube ni, ya kashe wayar ba ko sallama. Malam Isiyaka ke nan, mutumin zangon Kumasi, aikinsa kwance tsofaffin motoci a wani yadi a bayan gari ana loda kayan a kwantena. Bai tambaye ni addinina ba, tambayarsa ta farko ita ce yaushe rabona da tuwo. Ya kai ni ɗakinsa ya tuƙa na garin masara da miyar kuɓewa busasshiya. Ina ci hawaye na zuba, shi kuma ya juya baya yana wanke tukunyar da ya riga ya wanke.

Da ya ji labarina ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ya san wani tsoho manomin shinkafa can arewa da suka taɓa sayen tsohuwar motar gona a wurinsa. Ya ga rumfa a bayan gidan da takubban katako jere a bango. Ya sa maigidansa Bajapane ya yi waya, aka yi ta sunkuyar da kai ga wayar, daga ƙarshe aka ce in zo. Malam Isiyaka ya raka ni har cikin jirgi, ya cusa mini ledar yaji a aljihu, ya ce, "An ce tsohon ba ya karɓar kuɗi, amma yana korar mutane. Ka yi hankali."

Zango na uku shi ne ƙauyen, kuma a nan na kusa barin hankalina. Tsohon gajere ne, ya haura saba'in, kansa tas kamar ƙwarya. Sunansa na da tsawo, ni dai Baba na riƙa ce masa, bai kuma taɓa hana ni ba. Da 'yarsa yake zaune, Anti Haruko, malamar makaranta da ta kusa hamsin. Ita ke jin Turanci, ita ce bakinmu ni da shi, kuma ita ma ta iya takobi fiye da yadda fuskarta ta nuna. Suka ba ni ɗaki a saman rumbun kayan gona. Ni kuma da na ga ƙofar lambunsu ta karkace ban iya haƙuri ba, na nemi kayan aiki na gyara.

Ran farko Baba ya ce in nuna abin da na iya. Na cire takalmi na hau daɓen katakon rumfar mai sanyi kamar ƙanƙara, na zage na yi duk salon da na haddace shekara da shekaru, da ihun da komai. Na gama ina haki ina jiran yabo. Ya yi magana a hankali, Anti Haruko ta juya mini: wa nake sara? Ina yake tsaye? Dogo ne ko gajere? Na ce ai babu kowa. Sai ya ce ya gani. Ya ce na yi masa kama da mutumin da ke tsaye shi kaɗai a hanya yana ta amsa gaisuwa ba wanda ya gaishe shi.

Wannan maganar ta shige ni, don na san abin da yake nufi. In aka ce maka ina kwana ne kake cewa lafiya lau. In ka tsaya kana ta lafiya lau, lafiya lau kai kaɗai, ɗaure ka za a yi. Ashe kowane salo a makarantarsu na mutum biyu ne, tambaya da amsa. Akwai gefen babba, akwai gefen ƙarami. Babba ne ke fara kawo sara, ƙarami ya kauce ko ya tare, sannan ya mayar da nasa ya tsayar da shi dab da kan babba. Wato a kowane salo malami ne ke shan kashi, ɗalibi ne ke ci. Na tambayi Anti Haruko ko wasa take yi. Ta ce tun tana yarinya take kashe babanta kowace safiya, ga shi nan da ransa.

Muka fara salon farko. Mu biyu mu ɗaga takobi sama, mu tako mu haɗu, Baba ya kawo sara tsakiyar kaina, in ja da baya ya wuce ta gaban hancina, in shigo in sauke nawa a goshinsa in tsaya. Abu ne da na yi ba adadi ni kaɗai. Amma da mutum a gabana sai komai ya watse, kuma matsalar idona ce. Baba yakan nuna idanunsa da yatsu biyu, wato in dube shi nan. Sai in ɗaga kai in dube shi, kafin mu yi taku biyu idona ya gangaro ƙirjinsa, ya sauka ƙafarsa. Ba da gangan nake yi ba. Ni da aka raina a gidan da in ka zuba wa mahaifinka ido yana magana sai ka ji mari ta inda ba ka zata ba, yanzu a ce in kafe tsoho ɗan saba'in da ido, in kuma ɗaga masa katako a ka? Tunda ba na kallonsa, sai na koma lissafi a zuci: yanzu zai sara, yanzu zan ja baya. Wata safiya ya ƙi sara a lokacin da na ƙirga. Na ja baya na dawo da gudu, na tarar da katakonsa na jirana a goshi. Ya faɗi kalma ɗaya. Anti Haruko ta ce, "Wai ka mutu."

Makonni suka yi ta tafiya ina mutuwa. Saran nawa na ƙarshe kuwa nakan tsayar da shi nesa da kansa, har akuya za ta iya wucewa ta tsakani. Sanyi ya ƙaru, tafin ƙafata ya tsage, bizata na ta ƙarewa ina kallo. Rahila ta turo saƙon murya ta ce Basiru ya zo shago sau biyu yana tambayar yaushe zan dawo, kuma an fara ganinsa a mahaɗa da tsofaffin abokansa. Na saurari saƙon ina zaune a kan buhun taki, abincin da aka ajiye mini ya huce ban taɓa ba. Ranar na yi kewar gwaten acca na Rahila har cikin ƙashina.

Ban san ko tausayi ne ya sa ba, Baba ya buɗe mini salo na biyu. A cikinsa akwai wurin da ƙarami ke kai sara tsakiyar kan babba, babba ya goce hagunsa ya mayar da martani, sannan a ƙarasa. Muna yi a hankali babu matsala, ko da yake na san ina ɗan karkatar da saran gefe don kar ya nufi ƙwaryar kan nan. Wata safiya ya ce yau da gaske za a yi, da ƙarfi da sauri. Muka tako. Ya daka mini wata tsawa da ta girgiza rumfar, na zabura na kawo sara da ƙarfin mai walda. Ina cikin saukewa na hango tsakiyar kansa yana ƙyalli, hannuna ya ƙi, ya kauce dama da kansa, wato hagun Baba. Can kuwa Baba ya goce, kamar yadda salon ya ce ya yi.

Har gobe ina jin ƙarar. Kamar an taka busasshen kara. Baba bai yi ihu ba, ya dai zauna a ƙasa a hankali, fuskarsa ta yi fari, takobinsa na hannunsa bai saki ba. Anti Haruko ta ture ni gefe ba ta ko dube ni ba, ta kira mota aka tafi da shi asibiti. Ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗa ne ya karye.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Na haɗa jakata na zauna a kanta. Duk motar da ta rage gudu a hanyar gona sai in ce 'yan sanda ne, in miƙe in sake zama. Na ga kaina a ɗaure an sauke ni a Abuja, na ga labarin ya riga ni isa Nasarawa: Sarkin Sara ya je har ƙasar masu abin ya sari tsohonsu. Ashe Baba Audu ya fi ni sanin abin da nake koyarwa. Na kasa gaya wa Rahila. Na kira Malam Isiyaka na ce ina tunanin in sulale in bi jirgin safe. Ya ce in na kuskura na gudu shi da kansa zai nemo ni, don shi ya tsaya mini a wurinsu. Anti Haruko takan ajiye mini abinci a ƙofa ta juya ba magana, ni kuma in kasa tantance ko alheri ne ko abincin fursuna.

Wata hantsi ta ƙwanƙwasa ta ce Baba na kira. Na same shi zaune a bakin rumfar yana shan rana, hannu ɗaya rataye a wuya. Na zube a gabansa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannun mai lafiya ya tsayar da ni. Ya ce ba haƙuri yake nema ba, dalili yake so. Ya lura tun ran farko ina ƙin kallonsa, ina ƙin kansa. Tsoronsa nake ji, ko raina shi na yi?

Na ce ko ɗaya. Na yi masa bayani Anti Haruko na juyawa: a wurinmu yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya tsayawa a kansa, balle ya ɗaga masa sanda. Wanda ya yi haka ba shi da tarbiyya, iyayensa ake zagi. Ya ce in nuna masa yadda muke gaishe da manya. Na durƙusa, kai a ƙasa, na ce ina kwana Baba. Ya daɗe yana gyaɗa kai, ya ce gaisuwar tana da kyau. Sannan ya ce:

"To ladabinka ne ya karya ni. Wurin da salo ya ce ka sara, nan ne kaɗai na san ba za ka same ni ba. Da ka nufi kaina da gaske, da iska ka sara. Da ka tausaya mini, sai ka bi ni inda na gudu."

Ban san lokacin da tambayar Baba Audu ta fito daga bakina ba, da labarin filin, da Basiru, da sunan da aka laƙa mini. Na ce in ba saran mutum ba, mene ne amfanin wannan abin? Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce mai unguwar nan namu mutum ne mai hankali, kuma irin tambayarsa ba da baki ake amsa ta ba. Ya ce in ɗauko takobina.

Ya miƙe da ƙyar ya tsaya a tsakiyar daɓen, ba komai a hannunsa. Ya ce in kawo saran ƙarshe na salon farko, da dukkan ƙarfina, tsakiyar goshinsa, in tsayar. Anti Haruko ta yi masa magana da sauri-sauri cikin yarensu, ban ji ba amma na san faɗan 'ya da uba in na gani. Bai kula ta ba. Ya nuna idanunsa da yatsu biyu, ya ce tazara ba a bakin takobi ake ganinta ba, a idon mutum ake gani.

Na ɗaga katakon. Na sara, na tsaya nesa kamar kullum. Ya tako da kansa ya shigo ƙarƙashin katakon har ya taɓa goshinsa, ya ce nan. Na sake, ya sake shigowa. Gumi ya jiƙa mini riga cikin wannan sanyin. Daga nan na ce wa kaina, Ishaya, kauce-kaucen nan ne ya kai shi asibiti. Na ɗaga kai na dube shi sosai, karo na farko tun zuwana. Ashe idanun nasa ƙanana ne masu ruwa-ruwa, irin na kakana, babu faɗa a cikinsu ko kaɗan, jira kawai suke yi. Na tako na sauke saran gaba ɗaya. Katakon ya tsaya, abin da ke tsakaninsa da fatar goshin bai fi kaurin sandar walda ba. Baba bai ƙifta ido ba.

Ya koma ya zauna yana nishi, ya ce Anti Haruko ta faɗa mini daidai, kar ta rage: "Sara kowa ya iya, har mahaukaci. Tsayawa ake koyo. Kuma ba a koyon tsayawa a kan iska, sai wani ya ara maka kansa. Shi ya sa babba ne ke mutuwa a kowane salo."

Sauran kwanakina a gefen babba na yi su. Baba na zaune da hannunsa a rataye yana gyara, Anti Haruko na sauke mini katako a goshi safe da yamma, kuma ina zargin ta ɗan huce haushinta a ciki, don akwai ranar da na ji iskar saran har cikin haƙorana. Bai ba ni takarda ba. Ya ce salo biyun nan kaɗai ya yarda in koyar, kuma kar in sake jera mutane suna saran iska. Ranar tafiya na durƙusa na yi masa sallama irin tamu, shi kuma ya dafa kaina da hannun mai lafiya.

Da na dawo ban nufi wurin Baba Audu nan da nan ba. Na nemo Basiru a mahaɗa na ja shi bayan shago, muka shafe makonni muna salon farko, ni a gefen babba. Abin dariya, wannan da ake tsoro a unguwa, da na tsaya a gabansa na ce ya dube ni sai idonsa ya gangara ƙafata. Sai da na ba shi labarin ƙashin Baban Japan kafin ya fara ɗaga kai. Da na ga ya nuna, na je na durƙusa wa mai unguwa na roƙi aron filin na yamma ɗaya.

Jama'a sun taru fiye da yadda na so. Rahila na can gefe ta ɗaure zani tamau kamar mai shirin raba faɗa. Aka ajiye wa Baba Audu kujerarsa. Ni da Basiru muka ɗaga takubba, muka tako, na kawo masa sara da gaske, ya ja baya, ya shigo ya sauke nasa. Wata mata ta yi salati. Katakon ya tsaya a kan gashina. Na juya na faɗi abin da aka faɗa mini, cewa tsayawa muke koyo, kuma ni ne zan riƙa ba da kaina.

Baba Audu ya ce, "Kai ka koya masa, kun san juna. Ban ga komai ba tukuna."

Ya miƙe. Ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a bainar jama'a ba, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya tako har gaban Basiru ya tsaya da furfurarsa a waje, ya ce, "Yi a kaina."

Filin ya yi tsit. Basiru ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka yi mini rai, ba zan iya ba." Ni kuwa ƙarar busasshen karan nan kawai nake ji a kunnena. Na san in ya ƙi, an rufe filin har abada. Na kuma san in ya yi da kai a ƙasa, yana tausayi, yana karkatarwa, abin da zai faru ya fi rufe fili muni. Na matsa kusa da shi na ce, yadda kowa zai ji:

"Basiru, dube shi. Cikin ido. Kar ka tausaya masa, tsakiyar kansa za ka nufa."

Aka fara guna-guni, wani ya ce kun ji Sarkin Sara ko. Baba Audu bai waiwaya ba, ya ce wa Basiru, "Ka ji abin da malaminka ya ce."

Basiru ya ɗaga kai a hankali. Suka dubi juna, tsohon da ɗan keken. Ya ɗaga katakon sama, ya tako, ya sauke shi da ƙarfin da sai da na ji kukan iska. Ya tsaya. Furfurar gaban goshin ta ɗan kwanta ta tashi.

Ba wanda ya yi motsi. Baba Audu ya kai yatsu biyu ya kama bakin katakon, ya sauke shi ƙasa a hankali. Ya karɓi hularsa ya daidaita ta a ka, ya dube ni ya ce mu riƙa tashi kafin magariba, mu kuma share filin in mun gama. Sannan ya juya ga Basiru, wanda ke tsaye hawaye na bin tabon kumatunsa.

"Kai kuma je ka kawo keken nan naka ka kai ni gida," in ji shi. "Ƙafafuna rawa suke yi."